Baba Sitati Yana Zuba

Duk tufar da ta shigo shagon Baba Sitati, kafin ta ga baho sai ta amsa tambaya ɗaya. Zai kama bakin ƙasanta ya tsoma a ruwan sabulu, ya matse a kan farin ƙyallen da ba ya rabuwa da kafaɗarsa, sannan ya ɗaga ƙyallen wajen haske. In ya fito fari fat, ta bi 'yan'uwanta. In kuwa launi ya kama, ko da ɗigo ne, sai ya ce, "Wannan tana zuba," ya jefa ta a bokiti ita kaɗai kamar mai cutar da ake gudu. Abin alfaharinsa ke nan a duniya. Shekara da shekaru yana wanki da guga, ba a taɓa samun rigar da ta ɓata wata a hannunsa ba.

Ya koyi sana'ar tun gemu bai fito masa ba, a ɗakin wankin wani otal, can ƙarƙashin ƙasa inda babu taga. Zannuwan gado ne ke gangarowa ta wani rami a bango, ya wanke, ya goge, ya ninke, su koma ta wani ramin. Bai taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya da ya kwana a kansu ba. Har ya tsufa, in ya tuna wurin sai ya ce, "Kabari ne mai famfo." Shi ya sa ranar da ya samu shagon kansa, kafin ya sayi dutsen guga sai da ya sa aka kafa masa doguwar kanta mai kallon titi. A nan yake karɓar kaya, a gefenta yake guga, daga bayanta yake kallon duniya.

Daga bayanta kuma yake magana.

Tufafi ba sa ɓoye masa komai. Wuyan riga, hammata, gwiwar wando, ƙurar da ke ƙasan aljihu, kowanne da abin da yake faɗa. Ya san matar da ta samu ciki tun ranar da aka warware ɗinkin siket ɗinta. Ya san wanda matarsa ta yi yaji, don ranar ne singileti da safa ke fara zuwa shago. Ya san wanda ya koma shan taba bayan ya yi rantsuwa. Abin da riga ta gaya masa da safe, kafin rana ta take ya gaya wa wanda ya zo karɓar wando. A wurinsa ba gulma ba ce, hira ce. Marigayiya matarsa takan ce famfon shagon ya fi bakinsa riƙe ruwa, shi kuma ya yi dariya ya ce ai mutane ne ke tambaya.

Ba kowa ke tambaya ba. Akwai abin da ko kansa bai taɓa gaya wa ba. Mutum yakan miƙo wa mai wanki ƙullin dattinsa idonsa na kan waya, kamar mai jefa shara a kwando. Amma da zarar Baba ya rage murya ya ce, "Ka san kuwa…" sai idon ya ɗago. Wannan ɗagowar idon ita ce abin da yake tashi da asuba dominta.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, ta yi aiki a ofishin wani kamfanin sadarwa, inda ake sa shuɗiyar riga mai farin wuya. Da aka rage ma'aikata aka haɗa da ita, ba ta gaya wa kowa ba. Kullum da safe sai ta sa rigar ta fita, ta zauna a ɗakin karatu na gari tana neman wani aikin a waya, da yamma ta dawo tana kukan gajiya. Baba ne ke wanke rigar. Ya lura cewa zanen da igiyar katin shaida ke bari a wuya ya daina fitowa. Bai tambaye ta ba. Ya gaya wa matar mai kemis, tana karɓar labule. Da yammar ranar, tun daga bakin layi Auta ta fara amsa jaje.

Ba ta taɓa yi masa maganar ba. Ta dawo shagon tana taya shi ninki, shiru-shiru, har ranar da ta ajiye wayarta a kan kanta ta nuna masa wani zane.

A zanen, injinan wanki sun jeru a bangon hagu. A bangon dama akwatuna ne masu lamba: ka sa kayanka ka kulle, saƙo ya shigo wayarka in an gama, ka zo ka buɗe ka ɗauka. Ga benci, ga wurin cajin waya. Can baya an ja wani layi daga bango zuwa bango.

"Wannan fa?"

"Katanga ce ta katako, Baba. Guga a bayanta."

"Kanta fa?"

"Ba a buƙatarta. Ka ga ka huta da tsayuwa. Gwiwar nan taka kullum sai na shafa mata magani."

Ya daɗe yana kallon layin. Abin da ya gani shi ne ramin nan na otal.

"Gwiwata ta kawo miki ƙara ne?" ya ce. "Injin ki kawo, ban hana ba, zamani ne. Amma kanta tana nan."

"Samari da 'yan mata ne rabin masu kawo kaya yanzu. Ba irin wannan suke so ba."

"Su suka ce miki? To tara su. A nan, a gabana. In suka ce a cire, da hannuna zan cire ƙusar farko. In suka ce a bari, kin bar maganar har abada."

Ya faɗa yana murmushi, don ya tabbata yaran layin nan suna son sa. Auta ta ce ta yarda. Ta sa rana, ta kuma ce wa kafinta ya zo da awonsa, duk yadda ta kaya akwai abin aunawa.

Da safiyar ranar aka kawo jakar Manaja. Wani saurayi ne da ke fita kullum da kwat da jakar hannu, kowa a layin ya san a banki yake, shi ya sa sunan ya bi shi. Yana neman wata ma'aikaciyar jinya da ake kira Nas, maganar har ta fara ƙarfi. Baba ya zazzage jakar yana ware farare da masu launi, sai ga wata riga ta faɗo daga cikin ƙafar wando, a dunƙule. Ruwan toka ce, mai kauri, da tambarin kamfanin masu gadi a hannu, da igiyar usur a kafaɗa. Ya shinshina wuyanta. Turaren Manaja ne. Ya gwada faɗin kafaɗarta da na farar rigar kwat. Ɗaya ne.

A banki yake, gaskiya ne. A bakin ƙofa.

Baba ya ninke rigar ya tura ƙarƙashin kanta. Labarin ya hau masa harshe yana ƙaiƙayi. Sau biyu ya buɗe baki zai ce wa mai kawo kaya "Ka san kuwa," sau biyu Auta ta gifta da benci a hannu, ya haɗiye.

Bayan la'asar suka taru. Nas ta zo da kayan aikinta a jiki. Manaja ya zauna kusa da ita, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ɗan Ƙwallo, wani dogo mai yawan barkwanci da ke kawo rigunan ƙungiyarsu, ya haye kan bokitin da aka kife. Akwai wasu ɗalibai a bakin ƙofa. Kafinta, wanda kawun Nas ne, ya jingina da bango yana wasa da awonsa, ya ja ya saki, ya ja ya saki. Baba yana bayan kantarsa, ƙyalle a kafaɗa, kamar alƙali.

"Kowa ya faɗi abin da yake so," in ji Auta. "Kada ku ji kunyar Baba."

"Wa zai ji kunyar wanda ya san launin gajeren wandonsa?" in ji Ɗan Ƙwallo. Aka yi dariya, Baba ya fi kowa.

Nas ce ta fara. "Ni dai, Baba, in na sauka daga aiki ba na iya jira. So nake in jefa kaya a inji in tafi in kwanta, waya ta tashe ni ta ce an gama. Kuma kayan asibiti su samu ruwan zafinsu daban, kada in kwaso wa wani ciwo."

"Wannan magana ce, 'yata."

"Ni injin da nake so," in ji Ɗan Ƙwallo, "shi ne wanda zai shafa riga ya gane auduga ce ko roba, ya zaɓi ruwa da sabulu da kansa. Ya wanke, ya busar, ya goge, ya ninke."

"Ya sa maka a jiki, ya raka ka fili, ya ci maka ƙwallon da ka kasa ci tun bara," in ji Baba.

Shagon ya ɗauki ihu. Wata ɗaliba daga bakin ƙofa ta ce ita tana son maɓallin zaɓen ƙamshi, don ba ta son ta fita tana warin sabulun kowa da kowa. Wani ya ce ruwan ɗauraya bai kamata ya tafi kwata ba, a tace shi a sake amfani da shi. Wani ya ce a sa gilashi babba a murfin injin, shi kallon kumfa na juyawa yana kwantar masa da hankali. Wata ta ce a buɗe ko da yaushe, don ita ba ta tuna wanki sai ta rasa abin sawa. Baba yana amsa kowa, yana tsokana, yana gyaɗa kai. Babu wanda ya ambaci kanta. Ya saci kallon Auta, ya ɗaga mata gira.

Auta ta juya. "Manaja, kai ba ka ce komai ba."

Manaja ya gyara zaman agogonsa. Ya san Nas na kallonsa. "Duk abin da suka faɗa ƙanana ne. Mu a wurin aikinmu abin da muka fi riƙewa shi ne amanar mai hulɗa da mu. Ni abu ɗaya nake so a shagon gobe. A samu wurin wankin da ba ya zuba."

Murmushin Baba ya ɗauke.

"Me ka ce?"

"Na ce wanda ba ya zuba, Baba. Nan ana zuba."

Baba ya fizge ƙyallen daga kafaɗarsa ya buga a kan kanta. "Wace riga? Faɗa mini wace riga! Tun ba a haife ka ba nake gwada kowane ƙyalle kafin ya shiga ruwa. Kawo farar rigar da ta fita daga nan da ɗigon ja. Kawo ta! Ke Nas, fararen kayanki sun taɓa komawa ruwan hoda? Kai Ɗan Ƙwallo, jar rigarku ta taɓa ɓata farin wando?"

Wani ɗalibi ya fashe da dariya, ya toshe baki. Ɗan Ƙwallo ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Kafinta ya daina jan awo.

"Ku yi magana mana! Ina ta zuba?"

"Baba," in ji Nas a hankali, "ba kaya yake nufi ba."

Sai da maganar ta zagaya shagon ta dawo kafin ta same shi. Ya kalli fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi mamaki. Ashe kalmar ta daɗe tana yawo a bayansa, ashe da ita suke kiran sa in sun bar layin. Ya kalli Auta. Ita kaɗai ce ba ta kawar da ido ba.

Manaja, da ya ga ya samu fili, sai ya ƙara. "Ba raini ba ne, Baba. Amma mutum mai matsayi ba zai so a riƙa karanta masa aljihu ana rabawa a titi ba. Inji ba shi da baki. Shi ke nan."

"Mai matsayi," in ji Baba.

Hannunsa ya sauka ƙarƙashin kanta.

Yatsunsa suka samu rigar. Ba sai ya yi dogon bayani ba. Ɗaga ta kawai zai yi, ya karkaɗe, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ma da sitati?" Duk idanun nan za su dawo kansa, a ɗage, yadda yake son su. Ya ja ta kaɗan. Igiyar usur ta leƙo ta gefen kanta, tana lilo.

Daga inda mutane suke zaune, Manaja kaɗai ke iya ganin gefen. Ƙafar da ya ɗora ta sauka ƙasa. Gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe. Auta tana tsaye a bayansa. Ba ta san ta mece ce igiyar ba, amma ta san wannan fuskar. Ta taɓa sa ta, a bakin layi, ranar da matar mai kemis ta riƙe mata hannu ta ce Allah ya musanya da mafi alheri.

"Baba," ta ce. Muryarta ba ta fita sosai ba.

Baba bai kalle ta ba. Yaron yake kallo. Jijiyar wuyan tsohon ta miƙe kamar mai ɗaga baho cike da ruwa. Fankar sama tana ta ƙugi. A waje wata mota ta yi hon, ta sake yi.

Igiyar ta koma ciki.

"Manaja," ya ce, murya a dishe, "kayanka sai gobe. Ka zo da kanka, kada ka aiko."

"To, Baba. Na gode, Baba."

Auta ta ja numfashi. "Kada wankin hula ya kai mu dare," ta ce. "Tambaya ɗaya ta rage. Kanta ta zauna, ko a cire?"

Babu mai son ya fara. Sun ga tsohon ya dafa katako da hannu biyu, sun ga ƙyallen a yashe. Nas ta ce, "A kawo injinan, a sa akwatunan ga mai so. Amma a bar wa Baba kantarsa." Ɗan Ƙwallo ya ce in aka cire ta wa zai riƙa zagin sa kyauta. Manaja ya miƙe tsaye ya ce a bar ta, wallahi a bar ta, shi ma ba abin da yake nufi ke nan ba. Ɗaliban suka bi.

Auta ta kashe wayarta ta sa a aljihu. "An gama. Kafinta, bangon hagu kawai za ka auna."

Suka watse. Manaja ne ya fara fita, har ya manta jakar hannunsa, Nas ta bi shi da ita. Shagon ya rage mutum uku. Kafinta ya durƙusa a gindin bango yana sa alama da fensir.

Baba ya ɗauki ƙyallensa ya mayar kafaɗa. Ya ci nasara, amma abin bai ishe shi ba. Ya yi abu mafi wuya a rayuwarsa, kuma babu wanda ya gani. Ya zagaya, ya gyara bokiti, ya taɓa dutsen guga, ya dawo.

"Auta."

"Na'am."

"Kin ga ubanki yau? Suna cewa ina zuba. Ni! Kin san abin da ke hannuna a lokacin nan?" Ya rage murya, ba don ya ɓoye ba, don haka ya saba. "Yaron nan mai cika baki, mai matsayi, kin san kuwa gadi yake yi? Ga rigar nan har da usur. Da na ɗaga ta da ya narke a wurin. Amma na riƙe. Ko uffan ban ce ba."

Awon kafinta ya koma gidansa da ƙara, ƙarat.

"Gadi?" Kafinta ya miƙe a hankali. "Wanda ke neman 'yar ƙanwata? Wanda ya zauna a falona ya ce mini shi ke sa hannu a takardun bashi?"

Baba ya juya. Ya manta da mutumin ɗungurungum, kamar yadda mutane ke manta mai wanki.

"A'a, Malam, tsaya, ba haka…"

"Gadi ba abin kunya ba ne. Ƙaryar fa?" Kafinta ya soke fensir a bayan kunne, ya ciro waya ya kira ƙanwar tasa, ya fita bakin ƙofa. Suna jin sa yana cewa, "Ke, kina gida? Yarinyar ta iso?"

Baba ya zauna a kan bokitin da Ɗan Ƙwallo ya tashi daga kai. Auta tana tsaye, hannuwanta a naɗe a ƙirji.

"Haka ka yi mini," ta ce.

"Ke? Yaushe?"

Ta zuba masa ido tana neman alamar wasa ko ta ƙarya. Babu. Bai tuna ba. Abin da ta kwana da shi ta tashi da shi, abin da ta zauna ta zana wa katanga, shi a wurinsa hirar karɓar labule ce. Ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta ga ba ta da ƙarfin.

"Ba gwiwata ba ce, ko?" ya ce.

"Ba ita ba ce."

Ya gyaɗa kai. Ya zare ƙyallen ya shimfiɗa a cinyarsa yana kallo, fari fat.

Da kafinta ya dawo ɗaukar jakar kayan aikinsa, Baba ya miƙe ya tare shi. Ya kama bakin awon da hannunsa, ya ja shi har bangon dama, ya danna da babban yatsa daidai inda layin nan yake a zanen Auta.

"Auna," ya ce.

"Baba, sun ce a bar maka," in ji Auta. "Na yarda da sharaɗin."

"Mai zuba bokitinsa daban. Ni na kafa dokar a shagon nan. Auna, Malam."

Katangar ta tashi kafin injinan su iso. Baba da kansa ya cire ƙusar farko ta kantar, kamar yadda ya ce. Auta ta sa kafinta ya buɗe wata 'yar taga a sama, ta ce don iska. Kaya suna shiga masa ta wani rami a ƙasan katangar, kowace jaka da lambarta. Lambar ba ta hana shi gane mai ita. Wani lokaci Auta, tana goge gilashin inji a gaba, takan ji dutsen guga ya tsaya, ta ji ya ce, "Kin san kuwa…" sannan shiru, sannan dutsen ya ci gaba.

Nas tana zuwa, ta jefa kayanta a inji ta tafi, ba ta zama a benci. Manaja bai zo washegari ba, bai kuma aiko ba. Rigar tana cikin akwatin ƙarshe na layin ƙasa, an wanke ta ita kaɗai, an sa mata sitati, karin hannunta kamar wuƙa, igiyar usur a naɗe cikin aljihu.